Yankan Kwana Uku

Shekarun baya, lokacin da korona ta fara lafawa, mutane suka koma rataye takunkumi a haɓa maimakon hanci, na yi wani kuskure da bakina wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ban taɓa ba ku labarin ba, saboda ba labari ba ne da na fito da kyau a cikinsa. Yau dai na ga gara in faɗa.

Ni abarba nake sayarwa a kasuwar Zuba, sari nake bayarwa, masu baro da masu tire su yanka su kai cikin gari. Gadon sana'ar na yi. Mahaifina a Legas ya fara, da gwamnati ta tattara ta dawo Abuja ya ce masu shan abarba sun tashi, shi ma ya naɗe tabarmarsa ya biyo su. Abin da ya zo da shi mafi daraja ba kaya ba ne, hulɗa ce da wani manomi a wani ƙauye bayan Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Da mahaifina da manomin suka rasu, ni na gaji rumfa, ɗan manomin ya gaji gona, muka ɗora daga inda suka tsaya. Shi ne abokina da zan ba ku labari. Hausarsa ta zango ce da ta direbobi, yakan tambaye ni, “Yaya Mama, yana lafiya?” in yi ta dariya, shi kuma ko a jikinsa.

Ga yadda aikinmu yake, don wanda bai sani ba. Abarba ba ayaba ba ce da za a yanke ta ɗanya ta ƙarasa nuna a ɗaki. Zaƙin da ta baro gona da shi ke nan, ba ta ƙarawa. In aka bar ta ta nuna sosai a jikin uwarta za a sha zaƙi, amma kwana uku zuwa huɗu za ta yi laushi ta fara zubar da ruwa. In kuma aka yanke ta da sauran ƙarfinta za ta jure wajen kwana goma a mota, sai dai akwai ɗan tsami a baki. Manomi yana gona, bai san halin da hanya take ciki ba. Ɗan kasuwa ne yake magana da direbobi kullum, shi ya san ko boda ta cushe, ko an ƙara shingaye. Don haka kafin a sa wuƙa, manomi zai kira ya yi tambaya ɗaya: kwana nawa? Abin da ka faɗa, da shi zai auna yankansa. Ba takarda, ba shaida, maganarka ce kawai. Mahaifina har ya bar duniya bakwai yake cewa, ko da hanya ta yi kyau, ni ma bakwai na tashi ina cewa.

Sai aka rufe boda. Tun kafin cutar aka rufe, cutar ta zo ta ƙara wa ƙofar sakata. Ni na samu mafita, na koma sarin lemon Binuwai da kankana, ba daɗi amma ana cin abinci a gida. Abokina ba shi da wata mafita. Abarba tana cin sama da shekara a ƙasa kafin ta ba da 'ya, kuma ba ta san an rufe boda ba, lokacinta na yi sai ta nuna. Girbi biyu ya yi asara a idonsa. Ya raba wa maƙwabta, ya kai kasuwar garinsu inda kowa abarbar yake sayarwa, sauran ta ruɓe a kunya. Wata rana ya gaya mini a waya, ba tare da ya canja murya ba, cewa wani mai buga bulo yana ta zawarcin gonar, kuma 'yan'uwansa sun fara cewa a sayar a raba. Ya roƙe su su ba shi girbi ɗaya. In wannan ya yi kyau gona ta tsaya, in bai yi ba ya daina musu. Gonar mahaifinsa ce, a gefenta aka binne tsohon.

Ana cikin haka aka buɗe boda, sannan aka kira wani babban taro a wani otal a tsakiyar Abuja, na ƙasashen yankinmu, kan yadda za a haɗa hannu a farfaɗo da kasuwanci bayan annoba. Aka ce ana son ƙananan 'yan kasuwa su halarta, shugabanmu na kasuwa ya zaɓe ni saboda ni ne mai ɗan karatun boko a layin 'yan abarba. Ku zo ku ga shiga. Babbar rigar ɗaurin aurena na ciro, wadda ta riga ta matse ni a wuya, na sha turare kamar ni zan buɗe taron. A ƙofa aka rataya mini kati mai sunana, aka ba ni jaka da biro da wata na'ura ta sawa a kunne mai juya Faransanci. Rabin jawabin farko ban ji komai ba, ashe ban kunna ta ba, ina ta gyaɗa kai.

Da na kunna kuwa na ji abin da ya tayar mini da tsikar jiki. Mutum bayan mutum ya tashi ya ce cutar ta koya mana ba ƙasar da za ta tashi ita kaɗai, abin da aka noma a yankin nan dole ya ratsa yankin nan ba tare da wahala ba. Aka ce kayan da ke lalacewa da wuri za a ware musu layinsu a boda, da takarda guda ɗaya mai nuna inda aka noma su, kuma daga bakin teku zuwa Abuja bai kamata mota ta wuce kwana biyu ba. Ni da na shekara biyu ina jin muryar abokina tana dusashewa, sai na ji kamar da ni kaɗai ake magana.

Lokacin tambayoyi na ɗaga hannu, aka miƙo mini makirfo. Na ce ni ɗan abarba ne daga Zuba, tambayata ita ce, shi wanda yake tsaye a boda da kaki, an gaya masa? Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Wani mai furfura a teburin manya ya ce tambayata ita ce mafi muhimmanci a ranar, kuma umarni yana kan hanya zuwa kowace iyaka. Gaskiyar magana, tafin ne ya shige ni, amsar ban tsaya na auna ta ba. Yana kan hanya, ya ce. Ni da sana'ata kaf a kan sanin bambancin abin da ke kan hanya da abin da ya iso take, ban ji wannan ba.

A wajen shan shayi na haɗu da mai sayo wa otal ɗin kayan kicin. Ya ce abarbar da ake kawo musu duk tsami gare ta, baƙi suna barin ta a faranti. In zan iya kawo wadda ta nuna a gona, shi zai ɗauka, kuma ya san wasu otal-otal da masu haɗa lemon kwalba da za su yi rububinta. Na fito daga wajen nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A cikin motar haya zuwa gida na riga na ceci gonar abokina, na sake wa rumfata rufi, har na fara tunanin ko za a sake gayyatata taro a wata ƙasa.

Mahaifiyata tana tsince shinkafa na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko a cikin masu jawabin akwai wanda ya taɓa bin motar kaya daga Kwatano. Na ce Mama, waɗannan manya ne, su ne masu ba da umarni. Ta ce ta ji, amma mahaifina ma ya ga manya iri-iri, bakwai yake cewa. Na yi dariya na ce zamani ya canja. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Bayan 'yan makonni abokina ya kira da safe, ina rumfa. Ya ce abarba ta kusa, idonta ya fara buɗewa. Muka gaisa, ya tambayi Mama, sannan ya yi tambayar da ubansa ya saba yi wa ubana.

“To ɗan'uwa, kwana nawa?”

Na ce, “Uku.”

Ya ce bai ji ba, in sake faɗa. Na sake faɗa, na ba shi labarin taro, da layin musamman, da takarda, da mutumin otal. Na ce masa su kwana biyu ma suka ce, ni ne na ƙara ɗaya don taka-tsantsan. Har alfahari nake da wannan ɗayan da na ƙara. Ya tambaye ni ko a raba, rabi yankan bakwai rabi yankan uku. Na ce in muka raba, rabin riba za mu samu, kuma 'yan'uwansa ba za su gamsu da rabi ba, gara a yi abin da zai rufe musu baki gaba ɗaya. Sai ya ce:

“Kai ne a Abuja. Kai ka gan su da ido. Na bar shi ya nuna.”

Na yi zirga-zirga sau uku zuwa wani ofis kafin na samu takardar. Da ta fito, da hatiminta da komai, sai da na kai aka manne ta da leda don kada ruwa ya taɓa ta. Na damƙa wa direbanmu, wani dattijo da ya shekara da shekaru yana bin hanyar. Ya juya ta gaba da baya ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, amma tunda oga ya ce, to. Ranar yanka abokina ya turo mini hoto. Ban taɓa ganin abarba irin wannan ba, jawur, kai ka ce ƙamshinta zai fito ta waya. Gonar gaba ɗaya ya yanke, ta cika mota guda. Ya ce shi ma zai biyo motar, bai taɓa zuwa Abuja ba, yana so ya gaida Mama ya kuma ga kayansa a teburin otal.

Sun isa boda da hantsi. Ɓangarensu suka buga musu hatimin fita ba matsala. Da suka iso ɓangarenmu direba ya tambayi layin kayan gwari, aka ce wane layi? Ya miƙa takarda. Jami'in ya karanta, ya kira wani, shi ma ya karanta, suka ce takarda ce mai kyau amma ba wanda ya aiko musu da labarinta. Da direba ya shiga tsohon layi kamar kullum, da an bi da shi yadda aka saba. Amma tunda ya nuna sabuwar takarda, sai aka ce ya faka a gefe sai an tambayi sama, kada a yi kuskure. Ogan da zai tambayi saman kuma ba ya nan, ya tafi Abuja taro a kan wannan maganar. Komawa baya ma ba hali, an riga an fitar da su daga can.

Na ce wa direba ya kwantar da hankalinsa, ni zan gyara daga nan. Washegari na sake ciro babbar riga, na rataya katin taron a wuya kamar zai buɗe mini ƙofa. Ofishin da ya ba ni takarda suka ce su bayarwa ne aikinsu, karɓa aikin wasu ne. Wasun suka ce in rubuto. Na rubuto, aka ce wanda zai sa hannu yana hutu. Na nemi mai furfurar da ya yaba tambayata, na yi wuni biyu a benci a ƙofar ofishinsa, ban ga ko takalminsa ba. A rana ta huɗu wata ma'aikaciya, babbar mace, ta ji tausayina ta kira ni gefe. Ta ce ɗana, abin da aka sa wa hannu a taron nan niyya ce. Sai kowace ƙasa ta kafa kwamiti, kwamitocin su zauna, sannan a sa ranar farawa. Takardun an buga su ne da wuri don a nuna a taron. Na tambaye ta yaushe za a fara. Ta ce ita shekararta biyu ta rage ta yi ritaya, tana fatan gani.

Ina tsaye a barandar ofishin direba ya kira. “Oga, ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin mota. Ƙudan zuma sun rufe mu, ko tamfol ba a iya taɓawa.” Na ce ya ba ni abokina. Ya ce yana can ƙarƙashin wata bishiya tun safe, ya juya wa motar baya. Na zauna a kan matakala da babbar rigata, mutane suna raɓa ni suna wucewa. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

A rana ta shida direba ya ɓoye takardata a ƙarƙashin kujera, ya jira aka canja masu aiki, ya shiga tsohon layi ya bi tsohuwar hanya, aka sake su. Sauran shingayen hanya suna nan inda suke, ba wanda ya ragu. Da safiyar rana ta tara suka shigo Zuba. Tun motar tana bakin titi warin ya riga ta isowa, wari irin na giyar da ta kwana. 'Yan layinmu suka taru. Da aka yaye tamfol, na sama sun yi baƙi, na ƙasa sun zama kunu. Direba ya matsa guda da babban yatsa ya nutse. Ya ce a hankali, ba don ya ƙona mini rai ba, da yankan bakwai ne da fiye da rabi ya tsira, ya sha kawo na kwana tara.

Abokina ya rame, idonsa ya faɗa. Muka rungume juna, na kasa haɗa ido da shi. Ya cire takalmi ya hau motar, ya shiga cikin ruɓar har gwiwa yana tonawa da hannu. Na ce ya sauko, ba amfani, bai kula ni ba. Ya fi awa guda a ciki. Abin da ya tsamo bai cika daro ɗaya ba. Ya wanke su a famfo ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda ta fi kyau ya ce mu je ya gaida Mama, ba zai shiga gidanta hannu rabbana ba. Mahaifiyata ta karɓa, ta fere da kanta, ta ci yanka ɗaya ta ce tunda take ba ta taɓa shan mai zaƙinta ba. Gaskiya ta faɗa, ni ma na ɗanɗana. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, kuma har ta rasu ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba.

Kafin ya koma ya roƙe ni abu ɗaya, in kai shi ya ga inda aka yi taron. Muka shiga mota muka je, muka tsaya a tsallaken titi don masu gadi ba za su bar mu mu matsa ba. Tutocin ƙasashe suna nan a jere ba a sauke ba. Ya bi su da yatsa har ya samo tasu, ya nuna mini, ya ce ga tamu can kusa da taku. Ya daɗe yana kallon ginin. Ya ce gida mai kyau ne, sannan ya ce mu tafi kada ya rasa mota.

Ba a yi wata uku ba aka sayar da gonar. Mai bulo ya bar musu ɗan wajen kabarin, ya zagaye shi da bulo layi biyu. Abokina ya koma Kwatano yana acaɓa da babur ɗin wani. Ni ina nan a Zuba, lemo da kankana nake sayarwa, ban sake taɓa sarin abarba ba. An ci gaba da taruka, ina ji a rediyo, kalmomin ma ba su canja ba. An sake aiko mana da gayyata sau biyu, na ce a ba wani. Ba na cewa haɗin kan ƙarya ne, wataƙila wata rana a yi shi, jikokinmu su ga mota ta iso a kwana biyu. Abin da na sani shi ne masu alkawarin suna da lokacin jira, albashinsu ba ya ruɓewa. Mu da kayanmu ke da kwanaki ƙidayayyu mu ne ya kamata mu fi kowa jinkirin yarda, ni kuma na riga kowa.

Har yanzu yana kirana, duk sallah sai ya kira, ina jin hon ɗin motoci a bayansa. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ya zage ni. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ya yafe mini, ni na cinye masa gonar ubansa. Ya ce in daina faɗin haka.

“Kai ma faɗa maka aka yi, ɗan'uwa.”

Na bar shi a haka, don na ga yana buƙatar ya yarda da hakan kafin ya iya ci gaba da kirana. Amma ni na san ba nan maganar ta tsaya ba. Ɗakin nan cike yake da mutane ranar, kowa ya ji abin da na ji, kowa ya yi tafi ya koma gida ya ci gaba da abin da ya saba. Ni kaɗai ne na ɗauki waya na ce wa mutum ya bar gonarsa ta nuna.